Kwalba Biyu a Gida Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Mutum huɗu muka ɗauka yau a binciken sabon maganin ciwon gaɓoɓi. Biyu daga ciki mata da miji ne, tsofaffi. Shi kafinta ne, ciwon ya kama masa gwiwoyi da wuyan hannu. Ita ɗinki take yi, ko in ce ta yi, don rabonta da riƙe almakashi wata takwas. Na ƙirga mata gaɓa goma sha tara masu ciwo cikin ashirin da takwas da muke dubawa. Na'urar gwada ƙarfin damƙa ma da ƙyar allurarta ta motsa.

Na karanta musu takardar amincewa, shafi tara, daga farko har ƙarshe. Likita yana cewa na cika jan zance. Oho. Shekarata sha shida ina aikin jinya, ba zan sa tsoho ya sa hannu a kan abin da bai ji ba.

Sau biyu na maimaita musu. Rabin mutane za su samu maganin da ake gwadawa, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta, wadda a nan muke ce wa fanko. Na'ura ce ke rabawa, kuma ba mu san ta wa ce wacce ba. Wanda ya kai mako ashirin da huɗu bai karya ƙa'ida ba, za a ba shi maganin gaske na shekara guda. Da na zo nan a karatun, matar, wadda nake ce wa Mama, ta gyara zama. Ta ce, "'Yata, ni dai in koma kan kekena." Mijin, Baba, ya ce ai keken ya huta, shekara arba'in tana hana shi barcin rana da shi. Ta zungure shi da gwiwar hannu.

Talata, 4 ga Maris

Na ce wa Likita mutum biyu a gida ɗaya bai kwanta mini ba. Ya buɗe kundin ƙa'idoji, ya ce babu layin da ya hana. Gaskiya ne, babu. Na sa mai ɗakin magani ta manna jan salatif a murfin kwalbar Baba, shuɗi a ta Mama, kar su ruɗe.

Laraba, 19 ga Maris

Firjin ajiye jini ya yi ta ƙara tun safe. Mai gyara bai zo ba sai bayan azahar.

Litinin, 31 ga Maris

Mako huɗu. Baba ya hau matakalar nan shida na bakin ƙofa bai dafa ƙarfe ba, har da tsayawa a sama ya jira in gani. Gaɓoɓinsa masu ciwo sun sauka daga sha ɗaya zuwa biyar. Wai ya koma shago yana goge katako.

Mama tana nan yadda take. Sha takwas. Ni na buɗe mata maɓallin hannun riga kafin in ɗebi jini.

Mun yi raha sosai. Mutumin nan akwai ban dariya, ya ce teburin ofishina gurgu ne, wanda ya haɗa shi Allah ya isa. Ya naɗe takarda ya cusa a ƙarƙashin ƙafar, ya daina rawa kuwa.

Ƙwayoyinsu sun cika lissafi cif. Kowa ya sha ashirin da takwas, ya dawo da bakwai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mai sa ido daga masu ɗaukar nauyin binciken ta zo, ta kwashe yini tana bin fayil-fayil. Kuskure biyu kacal ta samu a nawa, duka na kwanan wata. Na gaya wa Baban yara da na dawo, ya ce to a buga a jarida mana. Shi kullum haka.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mako takwas. Baba ya dafa ƙarfe yau, na gani ta taga. Da na tambaya ya ce lafiya lau, takalmin ne. Bakwai na ƙirga masa.

Mama ashirin. Ta ƙaru. Ba ta yi magana sosai ba, shi ne ke ta tambaya, "Ba ki ga sauyi ba? Duba da kyau dai, 'yar nan." Na ce abin da na ƙirga shi zan rubuta. Na ƙara gaya musu irin wannan magani, in ma shi mutum yake sha, yakan kai mako goma ko sha biyu kafin ya nuna kansa.

Lissafin ƙwaya cif. Har na ce wa mai ɗakin magani da kowa irinsu ne da mun huta.

Litinin, 26 ga Mayu

Mako sha biyu. Baba ya rame kaɗan, ya ce abinci ne ba ya masa daɗi. Na rubuta. Mama ashirin.

Laraba, 28 ga Mayu

Sakamakon jinin Baba ya dawo daga ɗakin gwaje-gwaje da jan layi. Awon hantarsa ya ninka iyakar da aka yarda da ita sau shida. Na watan jiya ya ɗan ɗaga amma bai kai a tsaya ba. Likita ya ce a kira shi yanzu, ya daina shan ƙwayar, gobe ya zo. Na kira. Ya ce, "Ita fa, ta ci gaba da nata?" Na ce nata jinin lafiya yake, ta ci gaba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Innalillahi. Bari in rubuta yadda ya faru, tun ban fara gyara shi a raina ba.

Likita ya zaunar da shi yana bin tambayoyin da aka saba. Wani magani daban? Jiƙe-jiƙe? Na ciwon kai fiye da kima? Duk a'a. Ya yi masa bayani cewa dole mu aika rahoto a kan lambarsa ta bincike cikin awa ashirin da huɗu, don in maganin ne ke taɓa hanta, akwai mutum ɗari uku a wasu asibitoci da ke shan sa.

Mama tana kujerar gefe da jaka a cinya. Sai kawai ta ce, "Likita, ba nasa yake sha ba. Nawa ne."

Baba ya ce, "Ke!" Ta ce, "Hantarka ce fa, Malam."

Ashe tun mako na biyar ya juye su. Bai musanya kwalba ba, ya san ina duba lamba da salatif. Ya shimfiɗa jarida a tebur, ya zazzage kowacce gefe guda, ya ƙirga, ya mayar da nasa cikin tata, nata cikin tasa. Duk sabuwar kwalba da muka ba su haka yake yi. Aikin kafinta, ba ƙwaya ɗaya da ta ɓata.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har muryata ta tashi. Na ce, Baba, ban karanta muku ba? Sau nawa na faɗa? Ya ce, "Kin faɗa. Amma ni ina hawa bene, ita ko kofi sai na riƙe mata. In zauna ina shan mai kyau a gabanta?" Na ce wa ya gaya maka naka ne mai kyau?

Ya ce, "Ke mana. Ranar da na gyara miki tebur. Kika ce, Baba, da alama kai ka dace."

Na faɗa. Wallahi na faɗa, sai da ya ambata na tuna. Cikin dariya, ina cire safar hannu.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na cika takardar karya ƙa'ida. Likita ya karanta, ya sa yatsa a sakin layi na uku, inda na rubuta maganar da na yi ranar 31 ga Maris. Ya ce, "Wannan ba dole ba ne, Sista." Na ce a bar shi. Ya sa hannu.

Ya nemi izinin buɗe lambobinsu biyu, don sai an san wa ya sha me kafin a san abin da ya taɓa hantar.

Ban iya cin abincin rana ba.

Litinin, 2 ga Yuni

An buɗe. Kwalbar Baba fanko ce tun ranar farko. Ta Mama ce maganin.

Wato mako biyar ta sha na gaske, ya karɓe, ya ba ta fanko mako bakwai. Sauƙin da ya samu kuwa, ciwon ne ya lafa don kansa, dama yakan yi haka. Mai ɗakin magani ta riƙe baki ta ce tabɗijam, ta koma ciki.

Alhamis, 5 ga Yuni

Kwamitin da ke kula da binciken ya zauna. An cire su biyun daga shan ƙwaya, za mu ci gaba da bibiyar lafiyarsu kawai. Shekarar maganin nan babu ita. Na rubuta roƙo shafi biyu a kan Mama, cewa ba ita ta fara ba kuma ita ce ta tona. Sun ce sun gani, amma ta sani ta sha, kuma ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Da ni ce a kujerarsu abin da zan ce ke nan. Ni kuma za a sake mini horo na kwana biyu, kuma daga yau ba za a ƙara ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya ba.

Likita ya gaya musu kowannensu ya sha maganin gaske na wani lokaci, ya rubuta wa Mama takardar komawa asibitin gaɓoɓi a ci gaba da tsohon maganinta. Wanda bai yi mata komai ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Mama ta zo ita kaɗai karɓar takardar. Ta rufe ƙofa da kafaɗa ta ce, "Nawa ne na gasken, ko?" Haƙƙinta ne ta sani. Na ce eh.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ranar da zai juye su, da safe ta zura zare a allura, karon farko cikin wata tara. Na ce, Mama, me ya hana ki faɗa masa? Ta ce, "Na fito in faɗa, na tarar ya shimfiɗa jarida yana ta murna kamar yaro. Na ce ƙila dacewa ce kawai, ƙila nasan ya fi." Sai ta ƙara da cewa, "Tun da muke bai taɓa samun abin da zai ba ni da ya kai wannan a wurinsa ba."

Da za ta fita ta ce, "Kar ki gaya masa, 'yata." Na ce in ya tambaye ni kai tsaye ba zan yi masa ƙarya ba, ba na yi. Ta ce ta sani.

Laraba, 11 ga Yuni

Awon hantar Baba yana sauka. Ninki uku.

Litinin, 23 ga Yuni

Awon Baba na ƙarshe kafin wata uku. Mama ta tsaya a baranda wurin masu jira. Ina ɗaura masa roba a dantse ya ce, a hankali, ya san ya jawo mata asarar shekara guda, kuma ba ya barci a kan haka. Sai ya ce, "Amma dai ko ba komai ta sha na gasken, ko? Ya shiga jikinta?"

Na ce, "Ta sha, Baba. Ya shiga."

Ya ce alhamdulillahi, ya saki hannun. Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na ce ya dunƙule yatsu, na nemo jijiya, na cika kwalba biyu, na manna lamba.

Ba ƙarya na yi ba. Na juya maganar a mota har na iso gida, ba ƙarya ba ce. Sauran zancen dai yana wurina, kuma zai dawo a watan Satumba, ban ga alamar zan ba shi ba.