Shafin Ya Ce Auta Ta Tabbatar Ita Mutum Ce

Zuwa ga maigidana da ya gudu ya bar ni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare, ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gwiwar babanka ta yi sauƙi. Haƙorana da suka rage suna gaishe ka, ba su da yawa.

Maganar ƙanwarka Auta ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da idonta ya rufe, abu ɗaya take yi ba a riƙe mata hannu ba: ni in ba ta labari da hantsi, ta rubuta a wayarta mai magana, ta sa a shafin nan da mutane ke karantawa. Har wata ta rubuto wai ƙaryata ta fi gaskiyar mijinta daɗi. To, masu shafin sun yi masa kwaskwarima. A da wayar kan gaya mata nan ne wurin adanawa, nan ne wurin wallafawa. Yanzu duk inda ta taɓa sai wayar ta ce maɓalli, ta yi shiru. Ta lallaɓa ta kai ƙarshe, sai aka ce ta tabbatar ita mutum ce, ta zaɓi hotuna masu keke.

Na ce ta kawo, ai da sauran ido a gidan. Na sa tabarau, na ga hotuna ƙanana kamar an jiƙa su. Na danna keke, na danna babur don shi ma keke ne da ya ci ya ƙoshi, na haɗa da mutumin da ke kai don ban ga dalilin raba shi da abin hawansa ba. Aka ce mun faɗi. Muka yi ta yi har aka kulle mana. Mai gyaran waya ya ce ba laifin wayar ba ne, ya aika wa masu shafin koke, har yau shiru.

Na san za ka ce ta turo ka sa mata. Babanka ya riga ka faɗa. Ta ce masa, a hankali, abinci a zuba mata, titi a tsallakar da ita, wannan ma sai an yi mata? Jiya na fara mata labari, na tsaya a tsakiya yadda na saba ja mata rai. Ba ta tambayi ƙarshen ba. Cewa ta yi in hutar da bakina, labarin babu inda zai je.

Kai da kake aikin kwamfuta, in ka san ƙofar mutanen nan ka buga. Ban sa rai sosai ba. Labaran cikina da yawa, ni kuma ba yarinya ba ce.

Ka gaida matarka da takwarata mai kuka. Babanka da gwaggonka suna gaishe ku. Na tambayi Auta ko tana da saƙo, ta ce babu.

Ni ce kakarka, uwargidanka ta fari.