Bar jar alamar a ƙofar gida

Auta,

Na leƙa na ga kana barci, ban so in tashe ka ba. Na wuce shago, akwai fankar da na yi alkawarin gama gyaranta yau.

Ka yi haƙuri da faɗan jiya. Ka ɓata lokacinka ka sa shagona a intanet, har da hoto da lamba da lokacin buɗewa, ni kuwa ban ga komai ba sai kuskure ɗaya, wato jar alamar taswira da ka dasa a ƙofar gida maimakon shago. Har na ce karatunku na banza ne. Bakina ne ya riga hankalina.

Bayan ka fita wajen abokanka wani ya yi sallama da dutsen guga a hannu, wai wayarsa ce ta kawo shi nan. Na shimfiɗa masa tabarma na duba, ashe fulogi ne ya ƙone. Muka yi ta hira har shayi ya huce. Ko sunansa ban tambaya ba.

Ka ce za ka gyara alamar kafin ka kama mota. Kada ka taɓa ta. Shago kowa ya san hanyarsa. Gidan nan kuwa, tun da mahaifiyarku ta rasu kuka watse, sai in yi wuni biyu ban amsa sallama ba. In ɓatan hanya ne zai riƙa kawo min baƙi, bar su su yi ta ɓata.

Ka ja ƙofa da kyau. Allah ya kiyaye hanya.

Babanka