Yawon da Hanan Take Yi a Kubrus

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025

Autata Hanan ta turo hotuna daga Kubrus. Sun hau dutse kallon furen loz, itacen nan da ake cin ƙwallonsa kamar gyaɗa, ita da mijinta Ma'aruf da yaran, Nuf da Hamad. Itatuwa fari fat kamar alhazai cikin harami. Tun da kamfanin jiragen ruwa ya tura Ma'aruf tsibirin nan ban taɓa ganin sun yi yawo irin na bana ba. Wancan makon bakin tafki ne, wajen wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Kafin shi gonar lemo.

Yarinyar da ko garin Ɗa'ifa da ke nan kusa da mu sai an ja ta.

Na nuna wa yayanta Hisham da ya dawo daga aiki. Ya ce, "Masha Allah," ya miƙo min wayar bai gama kallo ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na sake duba hotunan da tabarau. A kowanne a zaune take.

Lahadi, 9 ga Maris, cikin azumi

Na kira ta bayan mun sha ruwa. Mu nan unguwar Shisha, kusa da Harami, an kira magariba, su can da saura. Ta ƙi buɗe kyamara, wai layi ba kyau. Muna cikin magana na ji ƙarar cokali a kofi, na ji ta haɗiyi abu. Shekaranjiya ma haka, makon jiya ma haka.

Ko ciki ne take jin nauyin faɗa min? Ga zama, ga rashin azumi. Allah ya sa. Gobe in Hisham ya samu sarari ya kai ni kasuwar Zahir, in ga ko da 'yan tawul masu laushi.

Lahadi, 30 ga Maris, ranar Salla

Ba su zo ba. Kowace ƙaramar Salla a gidan nan suke yi, bana wai makarantar yara. Sun tafi gonar farawla, 'yan ƙananan 'ya'yan itacen nan jajaye, ana ba kowa kwando ya tsinka da kansa. Hamad baki jajir. Hanan ta riƙe kwandonta a cinya, kuma zoben da na ba ta ranar aurenta ya koma ɗan yatsan tsakiya.

Mai ciki ba ta ramewa a yatsu.

Na saka tawul ɗin a ƙasan akwati.

Asabar, 19 ga Afrilu

Nuf ce ta ɗauki wayar. Larabci zalla take yi min, Hausarta ta gudu, sai gaisuwa. Ta ce, "Sitti," wato Kaka, "Mama ta ce kowace Asabar sai mun je wani wuri, ko Baba ya gaji. Ta ce in riƙa kallo sosai don in tuna." Na ce ina Maman? Ta ce tana kwance, sun dawo daga ganin furanni jajaye a gefen hanya. Sai ta rage murya: "Ranar Talata kuma ba a yin magana da ƙarfi a gidanmu."

Juma'a, 2 ga Mayu

La'asar a Harami. Bayan sallama aka yi kiran sallar gawa, kamar kullum. Tun ina yarinya a unguwar Jarwal nake jin kiran nan, ban taɓa jin komai ba sai addu'a. Yau mace ce. Sai da wata Baturkiya ta kama ni ta zaunar.

Asabar, 17 ga Mayu

Na tsare Hisham a bakin ƙofa da mukullin mota a hannunsa. Na ce ya dube ni. Ya dubi takalmansa. Ya ce, "Ummi, na yi mata rantsuwa. Ki kira Ma'aruf, shi bai rantse ba."

Na kira. Ya fita waje kafin ya amsa, ina jin iska da motoci. Ya gaishe ni har sau biyu, sannan ya ce, "Umma, ciwon daji ne. A mama ya fara, tun bara. Yanzu sun ce ya taɓa ƙashi." Talata ce ranar ƙarin ruwan magani. Yawon kuwa ita ta tsara shi, wata bayan wata, abin da ke nuna a kowane lokaci da inda za a je a gan shi. Ya ce ya roƙe ta ta huta, ta ce yara ba za su tuna da ita a kan gado ba.

Ban yi kuka a waya ba. Suruki ne.

Litinin, 9 ga Yuni

Gari cike da alhazai, ba a iya fita. Hisham yana bin maganar biza. Ni da ban taɓa wuce Madina ba, ga ni zan tsallaka teku. Zuwa zan yi in ɗauko ta, shi ke nan. Akwai asibitoci a Jidda. Akwai Zamzam. Kuma in wani abu ya...

Mahaifinta Sabi'u a Harami aka sallace shi. Uwata ma haka.

Laraba, 9 ga Yuli, Larnaka

Na iso Kubrus jiya. Ta buɗe min ƙofa da kanta, tana dafe da bango. Da muka shiga ɗaki ta zare ɗankwalin ba tare da na tambaya ba. Babu ko sili ɗaya. Kan da na yi wa kitso har ta yi aure. Ta ce, "Kin gani, yanzu ba za ki ƙara yi min faɗan tsifa ba." Na yi dariya don ita ta yi.

Garin warin gishiri yake yi. Ba a jin kiran salla, sai a waya.

Asabar, 19 ga Yuli

Bakin teku. Ma'aruf ya kafa mana laima nesa da jama'a, ya tafi da yaran cikin ruwa. Na ɗauko maganar a hankali. Na ce likitocin Jidda, na ce ɗakinta yana nan, na ce Hisham zai zo ya taimaka da kaya.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ummi, na san abin da ya sa kike so in koma, kuma ba don likita ba ne."

Na ce ta ji tsoron Allah.

Ta ce, "Ina ji. Amma ban gama ba tukuna. Akwai inabi a watan tara, akwai zaitun bayansa. Hamad bai taɓa ganin yadda ake matse mai ba."

Hamad ya fito da gudu ya zuba mata ruwan teku a ƙafa daga cikin bokitinsa. Ƙafafun sun kumbura. Ta ce masa ya ƙaro.

Asabar, 9 ga Agusta

Kan hanyar dawowa daga wani ƙauye muka wuce ƙaramin masallaci, da maƙabarta a bayansa, itatuwa dogaye sun yi mata inuwa. Hanan ta ce Ma'aruf ya rage gudu. Ya ƙara.



Asabar, 13 ga Satumba

Gonar inabi. Ba ta fito daga mota ba. Muka bar ƙofar a buɗe, yaran suna kawo mata tana zaɓa. Tsohuwar mai gonar ta leƙa, ta dube ta, ta dube ni, ta dafa kafaɗata. Ba na jin yarenta.

Hisham ya kira yana tambayar ranar dawowata. Na ce Ma'aruf ya sabunta min takardar zama, sai na gani.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zaitun. Yau ko motar ba ta shiga ba. Na ce to a fasa. Ta buɗe ido ta ce, "Ki kai su ke." Na kai su. An shimfiɗa raga ƙarƙashin itace ana kaɗawa da sanda, ni ma aka ba ni sanda. Hamad ya ga man yana fitowa kore shar, ya ɗanɗana ya ɓata fuska. Da muka dawo ta sa Nuf ta ba ta labari tun daga fitarmu, tana gyara mata in ta tsallake wani abu, idonta a rufe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An fara ruwa, da sanyin da ban saba da shi ba. Nuf ta ce a watan ɗaya dusar ƙanƙara tana sauka a kan dutse, kuma Mama ta ce za a je. Ma'aruf ya kai mu kanti sayen rigunan sanyi. Ja ga Hamad, shuɗiya ga Nuf. Na ɗauki wata ruwan toka daidai jikina, don dai gwiwoyin nan, ba don wani abu ba.

Akwai wata mai ruwan zuma, irin kalar da Hanan take so. Na cire ta daga marataya, na duba hannun, na duba wuyan. Na daɗe riƙe da ita. Ma'aruf yana tsaye a bayana.

Na mayar.

A mota Nuf ta tambaye ni ko na iya tafiya a kan ƙanƙara. Na ce za ta koya min.