Hannun Baba da Ƙofar Mota

Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da ƴan biyu. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarku.

Albishirinka! An ba ni ƙofa. Na san za ka ce duk karatun da na sha a ƙofa na ƙare, to yi dariyarka. A sabuwar motar da kamfaninmu zai fitar, ni ce zan tsara mariƙin buɗe ƙofa daga ciki, kuma da bakina na roƙa. Tun da oga ya amince bakina ya ƙi rufuwa.

Ka san dalili, amma kai a waya ka ji, ni da idona na gani. Ranar da mijin Antinmu ya kai Baba asibiti don a gasa masa hannunsa da ya shanye, ya bar shi a mota ya shiga karɓo kati, sai batir ya mutu. Irin motocin nan ne da ƙofarsu sai an danna maɓalli. Baba ya danna, shiru, ga rana tana dukan gilashi. Ko da na iso ya jiƙe sharkaf da gumi, yana buga taga. Ashe akwai ƴar igiyar da ake ja, amma an ɓoye ta a ƙasan aljihun ƙofa kamar kayan sata. Baban da ya karya mana mariƙin firji da na tukunyar Mama da kan famfo ba adadi, shi ne ƙofa ta gagara. Tun ranar bai ƙara shiga mota ba. Asibitin ma ya daina zuwa, hannun daman nan da ya shanye kullum yana cikin aljihu. Abin yana ci mini rai, Yaya.

Ga abin da na gano. A ɗakin gwajinmu mukan sa mutum a mota, mu yanke wuta, mu yi shiru muna kallo. Babu wanda yake laluben ƙasan aljihu. Duk wanda ya tsorata, abin da hannunsa ya kama shi yake ƙara ja da ƙarfi. To sai na ce mariƙi ɗaya ya isa. In ka ja kaɗan, lantarki ya buɗe maka. In babu wuta, ka ci gaba da ja, sai ya kamo wayar ƙarfe ta zare sakata. Ba sai an koya wa kowa ba.

Ka gaishe mini da ƴan biyu, ka ce ina sane da alkawarin keke.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi, amma ka daina ɗaukar yaran nan biyu a lokaci guda, girma ya zo.

Mariƙina ya fito! Na roba ne tukuna, na gwaji, amma da na ja na ji sakata ta ce ƙas, sai da na yi tsalle a gaban mutane. Yanzu rigimar a kan sifirin take, wato ɗan ƙarfen da yake riƙe mariƙin kafin ya kai ga waya. Abokin aikina, wanda muke kira Mai Gemu, yana son mai tauri, don kada yaro ya ja da wasa ƙofa ta buɗe ana tafiya. Gaskiyarsa ne, shi ma uban yara ne. Ni kuwa ina ganin in ya cika tauri, tsoho zai mutu a ciki yana ja. Mun yi ta sa-in-sa har shayinmu ya huce, daga baya muka tsaya a tsakiya. Oga ya ce a kawo yara da tsofaffi su raba gardama. Yaran sun zo, sun yi ta lilo da shi, bai buɗe ba. Saura tsofaffi.

Ka san wanda nake so ya zo. Na tambayi Baba, ya ce shi da mota sai dai kallo daga nesa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na koma kicin zan yi kuka, Mama ta ce in bar ta da mijinta. Tana zuba masa abinci ta ce, kamar ba da shi take ba, wai Auta tana cika baki ta yi mariƙin da babu mahalukin da zai iya karyawa. Ni fa ban taɓa faɗin haka ba. Baba ya ajiye cokali ya tambayi ranar gwajin.

Murna nake yi, amma ina jin tsoro. In ƙofar nan ta ƙi buɗe masa, na san har abada ba zai ƙara shiga mota ba, kuma ni na jawo. Ka taya ni addu'a.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Baba ya zo, a bayan babur ɗin maƙwabcinmu, da sabuwar riga. Ya daɗe tsaye yana harar motar kafin ya shiga. Na rufe masa ƙofa da kaina, na koma bayan gilashi kusa da oga. Mai Gemu ya yanke wuta, fitilun ciki suka ɗauke.

Na ga numfashinsa ya canja, Yaya. Ya kalli taga, ya kalli rufi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Saura kaɗan in ruga in buɗe. Na zaci da hagu zai kama. Sai na ga ya zaro hannun dama daga aljihu, yatsun a lanƙwashe, ya saƙala su a mariƙin. Ya ja kaɗan, shiru. Sai ya cije leɓe, irin yadda yake yi wa murfin kwalba, ya fizga.

Ƙofa ta buɗe wangame. Mariƙin kuma ya biyo shi.

Baba ya sauko yana jujjuya guntun robar a tafinsa, ba ƙofar yake kallo ba. Mai Gemu ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Oga ya ce sifirin ya ci jarrabawa, a bar shi yadda yake, mariƙin kuwa a yi shi da ƙarfe. Ni ban san lokacin da hawaye ya wanke mini fuska ba.

Baba ya matso ya ɗaga mini guntun. Ya ce, “Auta, wannan ne ba ya karyuwa?” Sai ya kalli yatsunsa, ya ƙara da cewa a hankali, “Ashe hannun yana nan.”

Na nemi ya ba ni guntun don rahoto, ya hana, ya jefa a aljihu. Hannun kuwa a waje ya bar shi. Da maƙwabcinmu ya tayar da babur, Baba ya ce masa ya yi gaba, shi ƴarsa za ta kai shi. Ya zauna a gaba a tsohuwar motata, yana ta kushe tuƙina har gida. Gobe da safe zan kai shi asibiti, shi ya faɗa da bakinsa.

Mama tana gaishe ku. Ta ce ta ɓoye sabuwar tukunyarta.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta