Yaya Idi da Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa

Zuwa ga Yayana Idrisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan ƙasar da kake kwance a cikinta ta yi maka sauƙi duk da sanyinta. Daga unguwar Waziriyya a Jidda nake rubuto maka, ko in ce nake faɗa ana rubutawa, don ka san ajin da na tsaya a makaranta. Hanan ce ke bugawa, autata, ba ka san ta ba. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki sai ka rantse Balarabiya ce ta haɗiyi tuwo da zafi.

Ita ce ta tayar da zancen. Jiya ta nuna mana hoto a kwamfuta, wani ƙaramin jirgin yawon buɗe ido a arewacin ƙasar Nowe, ruwa ya kwanta luf tsakanin duwatsu, Turawa na murmushi da kofi a hannu. Na ce na san wurin, har haƙori na bari a can. Wanta Khalid ya ce, "Halas ya Baba, kai da ko Ɗa'if nan kusa ba ka zuwa sai ka yi amai a mota." Suka yi ta dariya. To ga shi zan faɗa a gabanka, kai ne shaidata.

Ka tuna jirgin Bagirken nan da muke aiki a ciki, mai jigilar alhazai daga Bur Sudan zuwa Jidda? A farkon shekarun tamanin ya ba da shi haya, aka shafa masa fenti, aka rataya labule, aka ce arewa can Nowe zai tafi da mu a ciki. Kai kana sama kan igiya da anka, ƙarfen tsayar da jirgi. Ni ina ƙasa ina feraye dankali a ƙarƙashin Ammu Usman, kukun nan Basudane mai hannu kamar faranti. Inna ta ce kada mu je. Ka ce mata, "Inna, teku ɗaya ne, na can ya fi sanyi ne kawai."

Wurin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Teku ya tsaga duwatsu ya shige ciki kamar lungu, dutse dama dutse hagu, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Garuruwan ƙanana, gidajen katako ja da rawaya, kifi a rataye kan sanduna yana bushewa, warinsa kan tarbe mu tun ba mu ɗaure jirgi ba. Ka ce garin da ke shanya kifi kamar wanki ba zai rasa mutanen kirki ba.

Sai azumi ya same mu muna ƙara hawa arewa.

Mu fa 'yan Jidda ne, Yaya. Mun tashi muna ganin rana ta faɗa cikin teku da idonmu, sannan mu kai dabino baki. Ba wanda ya gaya mana akwai ƙasar da rana ke raina mutane. Da farko takan yi jinkiri, ta nutse kaɗan, kafin ka gama shan shayi ta leƙo. Muka daure. Sai wata rana ta sauko har bakin ruwa, ta tsaya, ta dube mu, ta koma sama. Turawa suka fito da kyamara suna tafi. Kai kana tsaye da dabino a hannu.

Ammu Usman ya ce a bi lokacin Makka, haka ya ji malamai sun ce. Ni dai ban nemi ƙarin hujja ba, kafin ya rufe baki na gama kofi biyu. Kai kuwa ka mayar da dabinon aljihu. Ka ce, "Da ido na kama azumi, da ido zan buɗe. Agogo bai taɓa yi mini limanci ba."

Rana ta sake zagayowa ba ta faɗi ba, ba ka sha ba. Ga aikin igiya, ga ruwa mai daɗi yana kwararowa daga kan kowane dutse kamar da gangan. Leɓɓanka suka tsage, idanunka suka faɗa, muryarka ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Na roƙe ka da Inna. Na roƙe ka da kabarin Baba. Ka ce in koma wurin dankalina.

Shi ne na yi shawara da ƙwaƙwalwata ta aji uku. Na cika buta, na laɓe bayan tarin igiya, na dira a bayanka na toshe maka hanci don ka buɗe baki. Haka Inna ke ba mu magani muna yara, na manta cewa yanzu kai ke jan anka. Ka ɗago kai da ƙarfi ka buga mini ƙeya a baki, na ji haƙorina ya karye, jini ya cika mini harshe. Na rafka maka butar a ka. Ka shaƙe ni, muka faɗi muna birgima, gwiwarka a cikina, yatsuna a idonka, kana bugun kaina da katakon jirgi kana cewa, "Azumina za ka karya, ɗan banza?" Sai da ƙarti uku suka ɓamɓare mu. Ruwan duk ya zube a ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗauki hotonmu, ina jin ta ɗauka wasan gargajiya ne.

Ba mu sake magana ba har jirgi ya fito daga lungun duwatsu ya shiga sararin teku.

Nan iska ta same mu. Ban taɓa ganin irinta ba, ban kuma fatan sake gani. Raƙumin ruwa na farko ya ɗaga jirgin ya maka shi, farantai suka tarwatse gaba ɗaya. Tukunyar mai ta kife a hannun Ammu Usman, fatar ta saɓule yana ihu. Wuƙaƙe suka zubo daga rataya suna yawo a ƙasa. A ɗakin cin abinci wani tsoho ya tashi sama ya dawo da fuska a kan tebur, hancinsa ya fashe. Masu tafi ɗazu suna rarrafe cikin amai da fasassun kwalabe, kowa na kiran abin da ya sani.

A sama kwalekwalen ceto ya kwance daga ɗaurinsa yana lilo yana dukan jirgi. Aka kira masu igiya. Ka fita, da cikin da bai ga ruwa ba tun ranar da rana ta ƙi faɗuwa. Waɗanda suka gani sun ce ka riga ka kama wayar ƙarfen da ake ɗaure shi da ita, saura ka naɗe, sai ƙafarka ta saki. Idi da na sani ƙafarsa ba ta saki. Kwalekwalen ya dawo ya haɗa ƙirjinka da ƙarfen gefen jirgi.

Suka sauko da kai suka shimfiɗa a kan teburin cin abinci, muna riƙe da kai kada ka gangaro. Duk numfashin da ka ja sai jini ya biyo ta gefen baki. Ammu Usman, da hannunsa naɗe a tawul, ya sunkuya ya ce maka mai rauni ba azumi a kansa. Ka girgiza kai. Ka juya ido wajen taga, inda wani haske fari-fat ke shigowa ta cikin hadari. Ka ce, "Ta faɗi?"

Yaya, tagogin nan suna da murfin ƙarfe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗuwa ina tashi, na rufe su duka. Na kashe fitila. Ɗakin ya yi duhu, ba a jin komai sai ƙarar ruwa da kukan mutane. Na dafa bango, na sa yatsa a kunne, na kira sallar magariba da bakina mai kumburi, iska na fita ta gurbin haƙori. Ban duba agogo ba, har yau kuma ban tambayi ko ƙarfe nawa ne a Makka ba.

Da na gama na lalubo kanka a cikin duhu. Na ji kana wata irin dariya, tana fita da ƙyar. Ka ce, "Ladanin ƙarya. Murya kamar ƙofar gareji." Ka yi shiru, na zaci shi ke nan. Sai ka ce, "Kawo ruwan, Sani."

Na tallafe ƙeyarka, wadda ta karya mini haƙori, na kai kofi bakinka. Ka yi bisimilla. Ka sha, ka huta, ka sake sha. Na ji maƙogwaronka yana motsi a tafin hannuna. Ban taɓa riƙe abin da ya fi wannan daɗi ba, har 'ya'yana da na riƙe suna jarirai, kuma suna nan suna ji.

Ba ka kai gari da rai ba. Mutanen wani ƙaramin gari mai gidaje rawaya suka ba mu gefen maƙabartarsu, suka taya mu haƙa, ba su tambaye mu komai ba. Kyaftin ya kawo kamfas ya nuna mana alƙibla. Ammu Usman ya yi limanci, ni da wasu biyu a bayansa. Da na dawo Inna ba ta tambaye ni yadda ka mutu ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko ka sha ruwa. Na ce ka sha, Inna, da hannuna. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta yi kuka.

Allah Ya karɓi azuminka yadda ka yi shi, da tsawonsa da taurin kansa. Allah Ya yalwata maka kabari, Ya ɗumama maka shi. Ya shayar da kai daga Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ya haɗa ka da Inna da Baba a inuwa ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa akwai mai riƙe mana kofi.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙaninka,
Sani, ladaninka na rana ɗaya
Waziriyya, Jidda