Gafarar da ka karɓa kafin ka tafi Paris

Zuwa ga aminina Mamman Sani, a Paris.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Ni ne Haruna, abokin ɗakinka na unguwar Bukoki, idan har sai na faɗa.

Saƙonka ya iso ta hannun ɗiyarka Hadiza. Yarinya ce mai ladabi, ta nemo ni a wannan shafi, ta gaishe ni da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce kana so ka kawo su Yamai su ga ƙasar ubansu, na mako guda, kuma ka ce a nemo Haruna domin shi ne gwanin tsara tafiya. Na karanta, na ajiye waya, na yi wata dariya marar daɗi. A nan zan ba ka amsa, jama'a suna gani, domin abin da ya shiga tsakaninmu ma bai ƙare a ɓoye ba.

Gwanin tsara tafiya. Ashe ba ka manta ba.

Ni ma ban manta ba. Muna samari, muna koyarwa a lakwal ɗaya, ni labarin ƙasa, kai Faransanci. Ni ɗan wajen Dakoro, kai Badamagare mai baki kamar reza. Soja ke mulki, kowa yana auna maganarsa kafin ya furta, ban da kai. A ɗaya daga cikin shekarun nan ne ɗan'uwanka da ke aiki a Paris ya aiko cewa idan muka samo kuɗin jirgi a babban hutu, wurin kwana da abinci na wuyansa.

Kai ka kawo labarin, amma ni haukan ya kama. Shekara nawa ina zana wa yara kogin Sen na Paris a allo, ina nuna musu inda ya lanƙwasa, alhali idona bai taɓa ganin sa ba. Na aro taswirar birnin wurin wani Bature da muke aiki tare, na shimfiɗa ta a kan tabarma, muka danne gefunanta da kofunan shayi. Duk la'asar idan muka taso daga aiki, nan muke.

Na raba mana kwanakin mako gudan da za mu yi kamar yadda ake raba naman layya. Ranar farko hasumiyar ƙarfe, kuma da ƙafa za mu hau, domin na ji an ce ya fi sauƙin kuɗi. Da yamma jirgin ruwa. Na ware yini guda don babban gidan kayan tarihi, ka ce kai ba za ka ƙetare Sahara don ka tsaya kallon hotunan matattun Nasara ba, muka yi ta ciniki har muka tsaya a kan rabin yini. Juma'a kuwa ba a yi gardama ba, babban masallacin birnin za mu, mu ga yadda ake sahu a ƙasar sanyi.

Na koya maka metiro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, kamar ɗan aji ɗaya. In ɗora yatsa a wata tasha, in ce ka kai mu masallaci, ka bi layi ka ɓace, in ƙwanƙwashe ka da alli. Mun yi shawarar guzuri: kilishi, ƙuli-ƙuli da garin rogo, saboda tsoron kada a ba mu alade ba mu sani ba. Mun sa telan bakin layinmu ya ɗinka mana riguna masu kauri, duk da Baturen ya rantse mana cewa lokacin zafi ne a can. Ka ce zafin Bature ai sanyin mutum ne.

A wannan shekarar kogin Isa, namu na Yamai, ya ja baya har yara suna wasa a inda jiragen ruwa suke bi a da. Ina ƙetare gada ina kallon rairayi, in koma ɗaki in kalli shuɗin layin nan da ya ratsa taswira. Abin da na fi ɗoki ke nan, in ga birnin da koginsa yake cike. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai.

Sai fari ya iso har ƙofarmu. Shanun gidanmu suka ƙare, uwata da ƙannena suka biyo babbar mota suka sauka a unguwar Kirkisoye, ƙetaren gada, gidan ƙanenta Kawu Idi. Ka san gidan, ka ci tuwonsa. Soja ne mai muƙamin lajidan, mutum mai ƙarancin magana, kuma buhun shinkafar da ake ba shi a wurin aiki shi ne ya riƙe gidan da duk wanda ya gudo daga ƙauye. Na dubi uwata, na dubi abin da na tara don jirgi, na san ba inda za ni.

Ka nuna baƙin ciki, na kuwa yarda da shi. Ka ce za ka je ka gano mana, ka bi tsarin nan ɗaya bayan ɗaya, ka dawo ka ba ni labari, baɗi mu koma tare. Na naɗe taswirar da hannuna na sa maka a jaka.

Saura izinin fita. A lokacin ma'aikacin gwamnati ba ya barin ƙasa sai an yarje masa, naka kuwa ya maƙale, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Ni na ce mu je wurin Kawu. Ina so ka tuna wannan da kyau: ba ka roƙe ni ba, amma ka yi ta zagaya maganar har na faɗa da bakina, kuma ba ka hana ni ba.

Kawu ya saurare ni yana kallon ƙasa. Abu ɗaya ya tambaya: "Ka san shi kuwa?" Na ce ciki ɗaya ne kawai ba mu fito ba. Ya ce to. Ya je ya tsaya gaban manyansa, ya ce yaron gidansa ne, yawon buɗe ido za shi, zai dawo kafin a koma lakwal. Maganata ya ɗauka ya ɗora a kan kakinsa.

Daga nan ka fara sallama. Ka bi gida gida, Bukoki har Lazare, kana durƙusawa kana neman gafara. Tsohuwar nan Bazabarma mai gidan da muke haya, mai shayin bakin titi, limamin masallacinmu, har direktan lakwal da ba ku ga maciji. Ka ba tela rediyonka, ka ce ya riƙe maka. Ni ina biye da kai ina tsokanar ka, ina cewa Paris fa ba Makka ba ce, mako guda ne, wannan irin ban kwana sai mai tafiya hajji ta ƙasa. Ka ce jirgin sama ba abin wasa ba ne, rai a hannun Allah yake. Mutane suka yi ta yaba tarbiyyarka, ni kuma ina jin daɗi kamar ni aka yaba.

Mun ƙetare gada mun je Kirkisoye. Ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka durƙusa gaban Kawu, uwata da matarsa Inna Zainabu suna zaune. Ka ce ya yafe maka abin da ka yi masa da saninka da wanda ba ka sani ba. Ya ɗora hannu a kanka ya ce: "Na yahe ma, duniya da lahira."

A filin jirgi ka juyo gare ni, idanunka sun yi ja, ka riƙe hannuna ka ce ni ma in yafe maka. Na yi dariya na ce na yafe, duniya da lahira, ka dai kula da layin metiro. Ina tsammanin tsoron jirgi ne ya sa ka hawaye.

Mako ya wuce, na je tarbo ka, ba ka sauko ba. Na ce jirgi ka rasa. Aka koma lakwal, ajinka ba malami, na riƙa shiga ina riƙe maka yara ina cewa kana nan tafe. Sai da aka zo aka birkice ɗakinmu, aka ɗauke ni aka yi mini tambayoyi, sannan na ji cewa takardun sukar gwamnati da ake ta rabawa a ɓoye, kana cikin masu rubuta su, kuma an kusa kai hannu gare ka. Ka sani tun kafin mu shimfiɗa taswira. Duk la'asar ɗin nan da nake ƙwanƙwasar ka da alli, kai hanyar tsira kake haddacewa.

Ni an sake ni, an ga sakarai ne kawai. Kawu aka riƙe. Ya yi watanni a tsare, ya fito ba kaki, ba buhun shinkafa, gida cike da bakuna, ga fari. Tukunyar gidan nan ta koma sau ɗaya a yini. Mutumin da ake sara wa ya koma gadin rumfuna a kasuwar Lazare, yana tafiya da sanda da fitila.

Ranar da ya fito na je gaishe shi. Na fara zagin ka, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce: "Shi na yahe mishi da bakina gaban mutane, ba ni komawa. Kai ka kawo shi." Ka ji abin da ka yi, Mamman. Ka zo ka karɓi gafara tun kafin laifin ya faɗo, ka tafi da ita a aljihu. Da laifin ya faɗo bai sami inda zai sauka ba sai kaina.

Daga ranar nan tsakanina da Kawu sai ina kwana, lafiya lau. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma sake kiran sunana ba. Lokacin da ciwon ajali ya kwantar da shi, na durƙusa a bakin gadonsa na nemi gafara kamar yadda ka nema. Sai ya ce: "Allah shi yahe muna baki ɗai." Kai ma ka san wannan ba ita ce amsar da ake bayarwa ba. Da ita ya tafi ya bar ni.

Ban ga laifin gudunka ba, ka ji ni da kyau. Na san abin da ake yi wa irinku idan an kama, kuma da an kama ka da na fi kowa kuka. Da ka gaya mini gaskiya, wallahi da ni zan ɓoye ka a motar albasa in raka ka har Gaya, ka ƙetare iyaka. Wuyana ne, ina da ikon in bayar. Amma da ban kai ka gidan Kawu ba. Abin da ya ci mini rai shi ne ka dube ni ka ga cewa na fi amfani idan ban sani ba.

Na yi fushi da kai shekara da shekaru, kuma a cikin fushin ina kewar ka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Idan wani abin dariya ya faru a lakwal, sai in ji na tanada maka shi. Na yi aure ba ka nan. Na sa wa ɗana na biyu Sani, na ce wa mutane sunan kakan matata ne. Ban taɓa zuwa Paris ba, ko da hali ya samu daga baya ban nema ba.

Yanzu ga amsar saƙonka. Ku zo. Zan tsara muku, hannuna bai manta ba. Kogi yana da ruwa bana, za su shiga kwalekwale, za mu kai su su ga raƙuman dawa, su ci kilishi na gaske. Amma ranar farko ba ta yara ba ce. Ni da kai za mu ƙetare gada. Inna Zainabu tana nan da ranta, idonta ya tafi amma kunnenta garau, kuma ita ce ta riƙa raba tuwon da bai isa ba. Za ka durƙusa ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ba da sani da rashin sani ba, sannan ka tambaye ta. Abin da ta ga dama ta ce maka, nata ne.

Ni kuma, gafarar da na ba ka a filin jirgi ba zan janye ta ba. Ta ɗauke sabuluna da ka riƙa ƙararwa, da minsharinka, da baƙar maganarka. Iyakar abin da na san ina yafewa ke nan. Ɗaya laifin kuwa, na gidan Kawu, ban yafe ba tukuna. Na gwada a bayan idonka, azumi bayan azumi, bakina ya faɗa, zuciyata ta ƙi bi. Ina jin sai na ga fuskarka, sai na ji ka tambaya kana sane ina sane.

Don haka kada ka ja lokaci, ɗan'uwana. Gwiwoyina sun fara ƙi, likita ya hana ni gishiri, sa'o'inmu ana ta ɗauka. Na san nauyin a tafi a bar mutum da amsar da ba ta cika ba, kuma duk abin da ka yi mini, ba na so in bar maka irinta.

Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya haskaka makwancinsa, ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Allah ya raya maka Hadiza da 'yan'uwanta. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ni da rai, ya kuma buɗe bakina da zuciyata a lokaci ɗaya.

Naka, wanda ya tsaya maka,
Haruna
Yamai