Na Wanke Jar Darar Soja Kamar Zanna

Gwaggo, ki taimake ni, kunya na neman kashe ni a gidan aurena.

Ni 'yar Zariya ce, karatu ya kawo ni Alƙahira, aure ya zaunar da ni. Mijina Munzir Bahaushen Sudan ne. Muna zaune a unguwar Hay el-Sabi' tare da kakansa, Kaka Harun, tun da yaƙi ya koro su. Tsohon nan bai fito da komai ba sai jar dara guda. Ta mahaifinsa ce, wanda ya taso hajji a ƙasa, ya tsaya a Sudan, ya shiga bataliyar baƙaƙen sojoji ta rundunar Masar a wancan zamani. A gefenta akwai ɗan ƙyalle, wai da launinsa ake gane bataliyar mutum tun daga nesa. Idon Kaka ya yi rauni, amma duk sallah sai ya sa ta, ya cika baƙi da labarin su wane ne masu kore, su wane ne masu ruwan ɗorawa.

Ni kuwa babana wankin hula yake yi, cikin kumfa da sitaci na girma. Da babbar sallah ta matso na ga darar ta yi baƙi da maiƙo, sai na ce bari in burge tsoho. Na jiƙa ta, na bi ta da sabulu da burushi kamar yadda ake wa zanna, na kifa ta a kan gwangwanin madara ta bushe. Gwaggo, ruwan jawur ya koma. Ashe cikinta saƙa ce irin ta malafa. Ta motse, ta karkace, tuntun ya tsinke, ƙyallen ya koɗe. Garin neman gira na rasa ido.

Maimakon in faɗa, sai na cusa ta ƙasan akwatina, na je kasuwar Khan el-Khalili na sayo irin wadda baƙi ke ɗaukar hoto da ita, na ɗinka mata ƙyalle, na ajiye ta a mazaunin waccan, na ce ai ba gani yake ba. Ranar sallah Kaka ya ɗauka, ya shafa, ya kai hanci. Sannan ya ɗora a ka ya fito falo. Da 'yarsa Bakhita ta ce hular nan kamar ta sake, sai ya ce mata idonta ne ya tsufa. Amma ranar bai ba da labarin bataliya ba.

A da "amaryata" yake kirana, yana tsokanata wai ina rowar sukari. Tun ranar ban sake jin sunan nan ba. Ba na iya shiga ɗakinsa, Munzir nake ba shayin ya kai, shi kuma bai san komai ba. Ina son tsohon nan, ba ni da wani kaka a ƙasar nan sai shi. In faɗa ne, ko in bar kaza cikin gashinta?

'Yar mai wankin hula, Alƙahira

Amsa:

'Yata, wankin ba laifi ba ne. Sana'ar gidanku kika yi da kyakkyawar niyya, kuma da mutanen gidan sun gaya miki ba a kai darar ruwa, da ba a zo nan ba. Inda kika yi kuskure shi ne musanyar. Kin ɗauka tunda ido ya tafi, hankali ma ya bi shi. Maiƙon da kika gani datti, zufar mahaifinsa ce, ita yake shaƙa.

Kazar da kike son bari cikin gashinta an riga an fige ta. Ya sani tun da ya kai hanci. Amma ki sake karanta takardarki. Dattijon da ya ɗora hular kasuwa a kansa a gaban baƙi, har ya ƙaryata 'yar cikinsa, asirin wa yake rufawa? Kin ce ya daina kiranki amarya. To wa zai kira, Munzir? Ke kika daina shiga.

Ki fara gaya wa mijinki yau, kada ya ji a bakin wani. Gobe ki haɗa shayin da kanki, ki ɗauko darar yadda take, ki durƙusa ki sa masa a hannu, ki nemi gafara ba tare da kame-kame ba. In ya yi faɗa, ki sha, haƙƙinsa ne. Na ji akwai masu gyaran dara a tsohon garin Alƙahira, amma kada ki kai ta ko'ina sai shi ya ce, don yanke hukunci ke kaɗai ne ya kawo ki nan. Ta koɗe, ta karkace, amma ita ce ta san kan mahaifinsa.

Kada ki ce sai wata sallar, 'yata, tsoho ne. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya maido miki da sunanki. Kuma ki cika sukarin.